Wurin Zama da Rabon Tasa a Gidajen Sarautar Turai, Ƙarni na 13 zuwa na 15

A wajen shekarar 1240, Bishop na Lincoln a Ingila, Robert Grosseteste, ya rubuta wa wata basarakiya mai suna Margaret ƙa'idojin tafiyar da gida da gandaye, bayan mijinta, Earl (wani babban muƙamin sarauta) na Lincoln, ya rasu ya bar mata dukiya mai yawa da tarin barori. Wanda ya ɗauki waɗannan ƙa'idoji zai yi tsammanin lissafin hatsi da kuɗin haya ne za su cika su, kuma lalle akwai su a ciki, amma kaso mai tsoka ya tafi ne a kan yadda za ta ci abinci. Ya umarce ta da ta riƙa ci a babban zaure a gaban mutanenta, ta zauna a tsakiyar babban teburi domin kowa ya ga fuskarta ita ma ta ga kowa, ta sa a cika mata tasarta fal domin ta riƙa ɗiba tana miƙa wa na dama da na hagu, sannan ta hana cin abinci a ɓoye cikin ɗakuna, domin a cewarsa hakan ɓarna yake jawowa kuma ba ya ƙara wa mai gida daraja. Wannan malami ya fahimci cewa a zamaninsa lokacin cin abinci lokacin mulki ne, kuma sau biyu a kowace rana ana nuna wa duk wanda ke gidan matsayinsa ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba.

Ginin kansa an tsara shi ne saboda wannan aiki. Babban zaure dogon ɗaki ne mai rufi mai tsayi, kuma a ƙarshensa na sama akwai dandamali da ya ɗara ƙasa kaɗan, inda ake ajiye teburin mai gida a gicciye, yana fuskantar jama'a. Sauran tebura suna bin tsawon bango, mutane na zaune a kan benci, kujera mai majingini kuwa ta mai gida ce, wani lokaci da rumfar yadi mai tsada a bisa kansa. A ƙarshen ƙasa akwai ƙofofi uku, ɗaya ta ɗakin burodi, ɗaya ta ɗakin abin sha, ta tsakiya kuma ita ce hanyar madafi, wanda sau da yawa ake gina shi a ware saboda tsoron gobara. Har yau ana iya ganin irin wannan tsari a gidan Penshurst da ke yankin Kent, wanda wani attajirin Landan, Sir John de Pulteney, ya gina a 1341, da murhunsa a tsakiyar ɗaki. Gwargwadon kusancin mutum da dandamali, gwargwadon darajarsa, kuma wanda aka ajiye kusa da ƙofa, inda sanyi ke shigowa kuma masu ɗaukar abinci ke kai da kawowa, ya san abin da ake nufi.

Ajiye mutane a wuraren da suka dace da su aiki ne mai hatsari, shi ya sa ake ba shi jami'i na musamman mai riƙe da sanda. Wani mutum mai suna John Russell, wanda ya yi wannan aiki a gidan Humphrey, Duke (muƙamin da ke sama da earl) na Gloucester, ya rubuta littafin koyar da matasan barori a tsakiyar ƙarni na 15, kuma a ciki ya jera matsayi tun daga Paparoma da sarkin sarakuna, zuwa sarki da kadinal (babban malamin coci da ke ƙasa da Paparoma) da yarima da babban bishop, har ya gangaro kan barade da 'yan kasuwa. Abin da ya fi jan hankalina a wannan jeri shi ne wuraren da ƙa'ida ke cin karo da ƙa'ida, domin a nan ne ake ganin abin da al'ummar ta fi ɗauka da nauyi. Idan basarake mai jinin sarauta ya talauce, wani kuma marar asali ya yi arziki, jini ne ke gaba. Mace mai jinin sarauta da ta auri na ƙasa da ita tana riƙe da matsayinta na haihuwa, ita kuwa 'yar talakawa da ta auri babban basarake tana hawa matsayin mijinta. Iyayen Paparoma ko na kadinal ba su da ikon zama daidai da ɗansu, komai girman haihuwa. Amma idan mutum biyu suna riƙe da muƙami iri ɗaya, to dukiya ce ke raba gardama, shi ya sa shugaban gidan ruhubanawa na Westminster mai tarin gandaye ba zai zauna daidai da takwaransa na Tintern ba. Jami'in da ya yi kuskure a nan zai iya haddasa gabar da za ta wuce shekaru, domin basaraken da aka ajiye a ƙasa da inda yake ganin ya cancanta yana ɗaukar abin a matsayin cin mutunci a bainar jama'a.

Bayan wurin zama sai rabon tasa. Ba a zuba wa kowa nasa daban, ana haɗa mutane ne a kan rabo guda, kuma yawan waɗanda ake haɗawa shi ma ma'auni ne. A tsarin Russell, manya na can sama suna ci su kaɗai, bishop da earl su biyu biyu, magajin garin Landan da manyan alƙalai su biyu ko uku, na ƙasa da su kuwa uku uku ko huɗu huɗu. Burodi ma yana da darajoji. Mai gida yana samun fari mai laushi na garin alkama da aka tankaɗe sosai, wanda aka gasa a ranar, baƙi su sami na jiya, yaran gida su sami na kwana uku. Wanda ya kwana huɗu ya bushe shi ake yankawa murabba'i a yi faranti da shi, a ɗora nama a kai ya tsotse romo. Gishiri na mai gida yana cikin babban mazubi na azurfa da aka ƙawata, wanda ake ajiyewa a gabansa, na ƙasa kuwa sai a ɗan zuba musu a ƙaramin abu ko a kan yankin burodi. Ruwan inabi na teburin sama ne, giyar hatsi kuma ta sauran jama'a, kuma a gidaje da yawa rabon baro a rana yakan kai kusan galan guda.

Yawan nau'in abincin da ke isa gaban mutum shi ne abin da hukuma ta fi sa wa ido. A wancan zamani ana kawo abinci ne zagaye zagaye, kowane zagaye da tasoshi iri iri da ake jerawa lokaci guda, mutum ya ɗibi abin da hannunsa ya kai. Teburin sama yana ganin dukkan tasoshin, na tsakiya ya ga wasu, na ƙasa ya tsaya a kan fate da dafaffen naman shanu ko na tunkiya. Da 'yan kasuwa suka fara kuɗancewa suna kwaikwayon masu sarauta, sai sarakuna suka shiga kafa dokoki. A 1294 Sarki Philip na Huɗu na Faransa ya iyakance babban cin abinci ga tasa biyu da miya ɗaya. A 1336, zamanin Edward na Uku, dokar Ingila ta hana wuce zagaye biyu, in ban da ranakun manyan bukukuwa da aka yarda da uku. Dokar 1363 ta fi fitowa fili, domin ta ce barori su ci nama ko kifi sau ɗaya kawai a rana, sauran abincinsu ya zama madara da man shanu da cuku, ko da yake ba ta daɗe ba aka soke ta. Har a 1517 an sake shela cewa kadinal na iya cin tasa 9, duke da bishop da earl 7, a yi ta raguwa har zuwa 3 ga mai matsakaicin hali. Yawan maimaita waɗannan dokoki shaida ce cewa ba a bin su, amma shaida ce kuma ta yadda masu mulki ke jin tsoron ranar da za a kasa bambanta basarake da attajiri ta hanyar duban teburinsu.

Akwai wani ɓangare na wannan al'ada da mai karatu na yau zai iya yi wa gurguwar fahimta, wato hidima. Ɗaukar tasa da zuba ruwan wanke hannu da yanka nama a gaban babban mutum ba aikin ƙasƙanci ba ne a wurinsu, girma ne da ake nema, kuma 'ya'yan manya ake turawa gidajen da suka fi nasu domin su koye shi. Jean de Joinville, wanda ya rubuta tarihin Sarki Louis na Tara na Faransa, ya ba da labarin walimar da aka yi a Saumur a 1241, inda ƙanin sarki, basaraken Artois, ya riƙa kawo wa sarki abinci, basaraken Soissons yana yanka masa nama, shi kuma Joinville, yana matashi a lokacin, yana yanka wa Sarkin Navarre. Mai yankan nama dole ya san yadda ake ɓare kowane irin tsuntsu da kowane irin kifi, da yatsun da ake riƙe wuƙa da su, da miyar da ta dace da kowane nama, duk a kan idon jama'a. A daular Jamus abin ya kai ga shiga kundin doka. Dokar da Sarkin Sarakuna Charles na Huɗu ya fitar a 1356, wadda ta tsara zaɓen sarki, ta kuma tsara walimarsa: teburinsa ya ɗara na kowa da ƙafa 6, na matarsa ya yi ƙasa da nasa da ƙafa 3, basaraken Brandenburg ya kawo ruwan wanke hannu a tasoshin azurfa, basaraken yankin kogin Rhine ya kawo abinci, Sarkin Bohemiya kuma ya miƙa ƙoƙon sha. Waɗannan mutane suna cikin masu zaɓen sarkin da kansu, kuma kowannensu yana da ƙasa da rundunarsa. A wannan shekarar ce kuma Ingilishi suka kama Sarki John na Biyu na Faransa a yaƙin Poitiers, kuma marubucin tarihi Froissart ya ruwaito cewa yariman Ingila da ya ci shi da yaƙi ya tsaya yana yi masa hidima a wurin cin abincin dare, ya ƙi zama tare da shi, domin fursuna ko ba fursuna ba, sarki sarki ne.

Ko tsoron guba ma an mai da shi alamar matsayi. Kafin abinci ya isa gaban babban mutum, sai jami'ai sun ɗanɗana shi a madafi sun sake ɗanɗanawa a zaure, har burodi da gishiri da ruwan wanke hannu, wani lokaci a taɓa abincin da haƙorin wata dabbar teku ko da haƙoran kifi da suka zama dutse, bisa imanin cewa suna tona guba. Russell ya ce wannan gata ta tsaya ne a kan earl, wanda ke ƙasa da haka bai cancance ta ba. A Faransa kayan cin abincin sarki ko na duke ana adana su ne a wani mazubi na zinariya ko azurfa mai siffar jirgin ruwa, kuma ana ganin irinsa a sanannen zanen watan Janairu na littafin addu'o'in Jean, Duke na Berry, wanda 'yan'uwan Limbourg suka zana a farkon ƙarni na 15, inda duke ke zaune wuta na bayansa, masu yankan nama na gabansa, ƙananan karnuka kuma na yawo a kan teburi.

Abincin kansa an raba shi sama da ƙasa. Masana na lokacin suna ganin halittu a jere suke kamar tsani, abin da ke tashi sama ya fi abin da ke tafiya a ƙasa, abin da ke kan itace ya fi abin da ke cikin turɓaya, don haka tsuntsaye suka dace da masu sarauta, albasa da tafarnuwa da wake suka dace da manoma, har likitoci na cewa cikin mai aikin ƙarfi ba ya jure abinci mai laushi. Wannan magana a ganina son kai ne aka yi wa rigar ilimi, amma ta yi tasiri ƙwarai. Naman barewa ya fi kowane nama daraja domin ba a cika samunsa a kasuwa ba, sai mai dajin farauta ko wanda aka yi wa kyauta. Ɗawisu kuma akan feɗe shi a gasa, a mayar masa da fatarsa da gashinsa, a shigo da shi zaure kamar mai rai. A bikin naɗin George Neville a matsayin babban bishop na York a 1465, jerin kayan da aka tanada ya ƙunshi shanu 104, tumaki 1,000, ɗawisu 104 da manyan fararen agwagin ruwa masu dogon wuya 400, kuma ɗan'uwansa Earl na Warwick, wanda ya fi kowa ƙarfi a Ingila bayan sarki, shi ne ya riƙe muƙamin mai kula da hidima. Kayan yaji kuwa su ne babbar shaidar arziki, domin masoro da kirfa da kanumfari da za'afaran daga nesa suke zuwa ta hannun fatake da yawa. Cikinsu har da citta mai ƙwaya ta Afirka ta Yamma, wadda ayari ke ƙetare Sahara da ita zuwa gaɓar Bahar Rum, ta shiga jiragen 'yan kasuwa, ta ƙare a tukunyar kukun sarkin Faransa a ƙarni na 14 da sunan 'ya'yan aljanna. Ko a ranakun da coci ya hana cin nama, wato Juma'a da Asabar da sau da yawa Laraba, da kwana 40 na azumin Kirista, bambancin bai gushe ba, domin mai gida yana cin ɗanyen kifi daga tafkinsa, barori kuma suna fama da busasshen kifin ƙasar Norway da sai an daka shi da guduma kafin ya dafu.

Ladubban ci ba su da wuyar ganewa ga wanda ya saba haɗa hannu da wasu a tasa guda. Cokali mai yatsu bai yaɗu ba tukuna a arewacin Turai, da wuƙa da cokali da yatsu ake ci, saboda haka ana wanke hannu kafin ci da bayansa, kuma littattafan tarbiyya suna gargaɗin yara kada su mayar da abin da suka gutsura cikin tasa, kada su tsoma nama a mazubin gishiri, kada su sha daga ƙoƙon tarayya da maiƙo a baki, kada su sakace haƙori da wuƙa.

Duk wannan bambanci yana da ɗaci, kuma ba na ganin dalilin ƙawata shi. Sai dai akwai nauyin da ke tafe da shi, wanda ya sa nake ganin tsarin ya fi abin da ake zato zurfi. Babban mutum dole ya ciyar, kuma dole a gan shi yana ciyarwa. Littafin lissafin gidan Alice de Bryene, wata gwauruwa mai matsakaiciyar sarauta a ƙauyen Acton na yankin Suffolk, ya nuna cewa a shekara guda, daga 1412 zuwa 1413, an ci abinci a gidanta fiye da sau 16,500 idan aka ƙirga kowane mai ci a kowane zama, kuma masu cin sun haɗa da makwabta masu daraja da malaman coci da ma'aikatan gona da masu gyaran rufi. A gidan Duke na Buckingham da ke Thornbury, mutum 519 ne suka ci abincin rana a ranar 6 ga Janairun 1508, kuma fiye da rabinsu baƙi ne. Abin da ya rage kuma yana da mai shi. Akwai jami'in sadaka da ke ajiye tasa ta musamman a kan babban teburi, ana fara sa mata burodi kafin kowa ya ci, bayan an tashi kuma ya tattara ragowar nama da farantan burodin nan da suka sha romo ya kai wa mabarata a bakin ƙofa. Grosseteste ya ja kunnen Margaret da ta tabbata yaran gida ba su karkatar da wannan rabo ba. A ƙasar Hausa an saba ganin girman sarki a cikin cewa ba ya cin abinci a gaban jama'a, su kuwa waɗannan a wancan ƙarni girman nasu yana cikin zama a inda mai gyaran rufi zai ɗaga kai ya ga abin da ke gaban uwar gida, ita ma ta ga ko an ba shi rabonsa.

Wannan zama na ido da ido shi ne ya fara lalacewa. Tun a ƙarshen ƙarni na 14 mawaƙin Ingila William Langland ya koka cewa zaure ya zama abin tausayi, domin mai gida da uwar gida ba sa son zama a cikinsa, sun koma ci a ƙaramin ɗaki mai murhu da bututun hayaƙi don guje wa talakawa. Dalilan ba su ɓuya ba, ɗakin ciki ya fi ɗumi, ya fi shiru, kuma shigarsa sai da izini, wanda hakan ya haifar da sabon ma'aunin daraja, wato wa aka kira ciki wa aka bari a zaure. Bikin kuwa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Gabriel Tetzel, wani Bajamushe daga Nuremberg da ya ziyarci fadar Ingila a 1466, ya ga Sarauniya Elizabeth Woodville tana cin abinci ita kaɗai a kan kujerar zinariya bayan ta yi wankan jego, mahaifiyarta da 'yar'uwar sarki suna nesa da ita suna durƙusawa idan ta yi musu magana, manyan mata na hidima a kan gwiwa, aka shafe sa'a uku ba wanda ya ce uffan, shi kansa kuma daga wani lungu aka ba shi damar kallo. Jami'an gida sun ci gaba da zama a teburin dandamali a madadin mai gida na tsawon lokaci, ana bi ta zaure da abincinsa a jere, jama'a na miƙewa tsaye don girmama tasoshin da ke wucewa zuwa sama. A ƙarni na 16 manyan gidaje suka fara rage yawan barori suna biyan wasu da kuɗi maimakon abinci, 'ya'yan manya kuma suka daina zuwa koyon hidima. Zuwa tsakiyar ƙarni na 17, a gidaje irin Coleshill da Roger Pratt ya tsara, babban zaure ya koma wurin shiga kawai, an sauke barori zuwa ɗakin cin abincinsu a ƙarƙashin gini, an kuma yi musu matakalar baya ta daban domin su hau su sauka ba tare da sun haɗu da masu gida ba.